Shekarar da Baba Ya Kori Mai Daga Gida

Babanmu mai gyaran famfo ne, kuma a unguwarmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Yoyo ake ce masa. Duk sanda ya gama aiki sai ya buɗe ruwa, ya shafa mahaɗar bututun da bayan hannunsa, ya ɗaga hannun a haske ya duba, sannan ya ce "ba yoyo", ya tattara kayansa. Shekara arba'in da 'yan kai yana faɗin haka, har sunan ya bi shi. Jikokinsa ma da suka fara magana sun ɗauka gaisuwa ce.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni na kwaso taurin kansa, shi ya sa ba ma jimawa a ɗaki ɗaya ba mu yi musu ba. Amma ko a tsakiyar musu ban taɓa raina aikinsa ba. Tun ina ƙarama nake ganin yana kafa bakin doguwar sukundireba a bango, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, can sai ya nuna wani wuri ya ce a fasa nan. In aka fasa kuwa, nan ɗin ne ruwan ke tsiyaya. Matsalarsa ɗaya ce: a wajensa komai na duniya bututu ne. Cunkoson motoci toshewa ce. Mutum mai surutu washarsa, 'yar robar da ke tare ruwa a famfo, ita ce ta cinye. In yaro ya kasa karatu, sai ya ce ruwan bai da ƙarfin hawa sama ne, a bi shi a hankali.

Babban abokin gabarsa kuwa shi ne maiƙo. Babu matar gida a layinmu da ba ta sha wa'azinsa ba. Zai kwance bututun wurin wanke-wanke, ya zaƙulo wani farin dunƙulen kitse mai wari, ya ɗora a kan jarida, ya kira matar gidan ta zo ta ga aikinta da idonta. Yana cewa mai yana shiga ne a ruwa-ruwa, salim-alim, sai ya samu wuri ya daskare, ya kama duk abin da ya zo wucewa. Matan suna jin haushinsa, amma in famfo ya lalace shi suke aika wa.

Yana da shekara sittin da uku ƙafarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Mama ce ta fara lura. Mutumin da a da in sun fita tare sai ta riƙa haɗawa da sassarfa, yanzu in ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya ƙura wa bututun gidan wani ido, wai yana duba aikin da aka yi. Ashe sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa, sai ya huta ta sake shi. Da ƙyar muka kai shi asibiti. Aka yi awo, aka ce jijiyar da ke kai jini ƙafar ta ƙuntata, maiƙo ya taru a jikinta. Aka ba shi magani iri biyu, ɗaya na rage maiƙon jini, ɗaya na tsinka jinin don kada ya yi guda. Aka ce ya bar taba, ya riƙa tafiya kullum, ya canza irin man da yake ci.

Tabar dai ya bar ta a ranar, a ƙofar asibitin ya jefar da kwalin, wannan kam ba zan tauye masa ba. Sauran bayanin kuwa kalma biyu kawai ya ɗauko ya zo da su gida, toshewa da maiƙo. Su kuma ai ba wanda zai koya masa su.

Akwai abin da ya sa hankalinsa ya tashi fiye da na kowa. Yayansa, Baffanmu, da irin wannan ciwon ya fara, ga ciwon suga a kai, har wani baƙi ya fito masa a ƙafa, daga ƙarshe aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Baba ne da hannunsa ya je ya gyara masa banɗaki. Ya kafa masa ƙarfen dafawa a bango, ya sauko masa da kan famfo ƙasa, daidai inda mai zaune a kujera zai miƙa hannu ya murɗa. Ranar ya dawo gida bai ci abinci ba. Don haka da aka ce masa jijiya ta ƙuntata, ba ƙafarsa yake gani ba, ta Baffa yake gani.

Washegarin zuwanmu asibiti ya shiga kicin, wurin da rabonsa da shi tun da ya ja masa ruwa. Ya ɗauke galan ɗin mai, da kwalbar man zaitun da ƙanena ya kawo wa Mama tsaraba, da ɗan man shanun da ke cikin firji, ya zuba su a kwali ya aika gidana. Mama ta ce likita cewa ta yi a canza, ba ta ce a daina ba. Ya ce ita likita ta taɓa kwance bututun wanke-wanke? Daga ranar komai na gidan ya koma dafaffe da ruwa da gishiri. Kifi ya ce maiƙo ne da shi. Ƙwai ya ce a cire gwaiduwar. Gyaɗa, wadda tun da na san shi aljihun rigar aikinsa ba ya rabuwa da ita, ya murza ƙwaya ɗaya a takarda, ya nuna mana tabon man da ta bari, ya yi mata sallama. Mama kan zo gidana da rana ta soya ƙwai biyu ta ci a tsaye, ta wanke baki da sabulu kamar wadda ta yi sata.

Tafiyar da aka ce ya yi ma ya soke ta. A iliminsa, tsohon bututun da ya ƙuntata ba a matsa masa ruwa, lallaɓa shi ake yi. Ya daina karɓar aikin gidan sama, ya daina zuwa ko'ina a ƙafa. Cikin wata huɗu wandonsa ya yi masa yawa, fatar hannunsa ta bushe ta yi fari, ga saurin fushi. Na yi masa magana sau uku, sau ukun muna rabuwa baram-baram.

Wata rana na je gidan, na shiga banɗaki, sai na ga sabon ƙarfen dafawa a bango, da sabon kan famfo can ƙasa. Na tsaya ina kallonsu, don na san tsayin nan, na gan shi a gidan Baffa. Da na fito na tambaye shi, sai ya ce saboda gwiwar Mama ya saka, bai ko kalle ni ba. Mama tana tsinke ganye a gefe ta ce ita gwiwarta lafiya lau. Na koma gida na yi kuka, na haushi da na tsoro a haɗe, don na gane mutumin nan ya riga ya sallama ƙafarsa, shiri kawai yake yi.

Abin da ba mu sani ba shi ne, akwai wani tsohon ma'aikaci da Baba ya taɓa gyara wa tanki, shi ya ba shi labarin bitamin E. Ya ce masa yana hana jiki yin tsatsa daga ciki. Kalmar tsatsa kawai Baba ya ji ya miƙa wuya. Ya je kantin magani ya sayo mafi ƙarfin da suke da shi. A jikin kwalbar an rubuta ɗaya a rana, amma shi a aikinsa fentin hana tsatsa ba a yi masa shafa ɗaya, sai uku ko huɗu. Haka ya riƙa haɗiyar huɗu kullum, a kan maganin tsinka jinin da yake sha. Ya juye su a gwangwanin da yake ajiye washa, ya ɓoye a akwatin aikinsa, don ya san in na gani sai an yi.

Asirin ya tonu ne a gidana, wata safiya. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wankena ya tsage, ya zo gyarawa. Yana yanka sabo da zarto, zarton ya zame ya same shi a gindin babban yatsa. Yankan bai kai a ce yanka ba, ya yi irinsa ya fi ɗari. Ya tsotse, ya naɗe da tsumma, ya ci gaba. Tsumman ya jiƙe. Ya sake wani, shi ma ya jiƙe. Har farin zaren da yake naɗa wa bakin bututu ya ɗaure yatsan da shi, jinin ya ci gaba da tsattsafowa ta gefe. Ya ce in buɗe akwati in miƙo masa tsumma mai tsabta. Ina lalube sai gwangwanin ya faɗo, murfin ya buɗe, wasu 'yan ƙwayoyi ruwan zuma masu sheƙi suka tarwatse a siminti. Na kalle shi, ya kawar da kai. Kusan awa guda kenan jinin bai tsaya ba. Na kwashe ƙwayoyin na zuba a jaka, na kira Mama a waya, na tare mota. Wannan karon bai yi musu ba, kuma rashin musun ya fi jinin tsorata ni.

A asibiti nas ta danne wurin ta daɗe, aka yi masa ɗinki biyu, aka ɗebi jini don awo. Likitar da ke dubansa ta shigo, mace ce da ba ta girme ni ba, mai magana a hankali. Na ajiye mata gwangwanin a tebur, na faɗi yadda na same shi. Ta tambaye shi guda nawa yake sha, ya faɗa. Ta tambaya ko dasashinsa na jini in yana goge baki, ya ce yana yi. Haɓo fa? Ya ce sau biyu. Mama, wadda ta iso tana haki, ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi, don duk ba ta san da wannan ba. Sai likitar ta tambaya ko ya ga wani tabo a jikinsa.

Baba ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. A ƙwaurinsa akwai wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu, gefensa shuɗi-shuɗi.

"Likita, kada ki ɓoye mini komai," in ji shi. "Haka ta yayana ta fara. Kwana goma sha biyu kenan ina kallonsa."

Likitar ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta. Ta danna tabon, ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta matse farce ta saki tana kallon yadda launinsa ke dawowa. Ta tambaya ko ya bugu da wani abu a wurin. Ya ce akwatin aikinsa na bugunsa a nan kullum in ya ɗauka, amma bai taɓa bar masa tabo ba. Sai ta ɗauko wata 'yar na'ura mai kai kamar alƙalami, ta shafa wani ruwa mai yauƙi a bayan ƙafarsa, ta kafa kan, tana matsar da shi kaɗan-kaɗan. Sai ga wata ƙara ta cika ɗakin, fuu, fuu, fuu.

Baba ya karkata kai ya lumshe ido, daidai yadda yake yi in ya kanga kunne a bango. Ya saurara ya saurara.

"Akwai ruwa a layin," ya ce. "Ba shi da ƙarfi sosai, amma yana tafiya."

"Yana tafiya, Baba. Yatsunka da ɗumi. Wannan ba irin na yayanka ba ne, jini ne ya kwanta a ƙarƙashin fata saboda ya tsinke da yawa. Nan da sati biyu zai washe. Ba wanda zai taɓa maka ƙafa."

Mama ta sauke wata ajiyar zuciya da na tabbata an ji ta har waje. Ni kuwa na jingina da bango ina ta hamdala a zuci. Baba ya sa hannunsa mai bandeji ya rufe fuska, ya daɗe a haka, muka ƙyale shi.

Da ya dawo hayyacinsa, likitar ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga gwangwanin, ta huda ta da allura, ta matse a kan farar takarda. Wani ɗigo ya fito, ya bazu, ya bar tabo irin wanda gyaɗar nan ta bari. Ta tura masa takardar ta ce ya faɗa mata mene ne wannan. Ya shafa da yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Malam," in ji Mama, "wata huɗu ina dafa maka ruwa da gishiri, ina cin ƙwai a ɓoye a gidan 'yata, ashe kai kana can kana shan manka a akwati?"

Dariya ta ƙwace wa nas ɗin, ni ma na kasa riƙewa, har shi kansa sai da gefen bakinsa ya motsa.

Daga nan likitar ta yi masa bayani, kuma na yaba mata, don ba ta raina bututunsa ba, daga nan ta faro. Ta ce gaskiyarsa, akwai maiƙon da ke taimaka wa toshewa, irin wanda ke daskarewa in ya huce, kamar kitsen nama, da man da aka soya aka sake soyawa har ya yi duhu. Amma jijiya ta bambanta da bututu a abu ɗaya: tana da rai. Cikinta a shimfiɗe yake da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, sirara ƙwarai, su ne ke sa ta yi santsi jini ya wuce, su ne ke ba ta umarnin ta buɗe in ƙafa na buƙatar ƙarin jini. Kuma fatar kowace ƙwaya daga cikinsu da mai aka gina ta, man da mutum ke ci. Irin na kifi, da gyaɗa, da riɗi, da zaitun, wanda ba ya daskarewa, shi jiki ke so, wani ma jiki ba ya iya haɗa shi da kansa, sai an ci.

Baba ya ba ta labarin mutumin tankin, ya ce to ina tsatsar ta shigo. Ta ce mutumin tankin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Wannan mai na ruwa-ruwa yana saurin lalacewa, kamar yadda man da aka bari a buɗe ke canza wari, kuma bitamin E na zaune ne a cikinsa a fatar ƙwayoyin yana kare shi. Sai dai kaɗan ake buƙata, kuma yana zuwa ne tare da gyaɗar da man da ganyen, a abinci ɗaya. Shi ya kori abincin da ke ɗauke da shi, ya koma yana haɗiyar ninkin-ba-ninkin a ƙwaya. An gwada ƙwayoyin a kan mutane masu yawa, ba a ga sun buɗe jijiyar kowa ba, amma in sun yi yawa, musamman a kan maganin tsinka jini, suna iya sa jini ya ƙi tsayawa. Ta ce ya gode wa Allah a yatsa abin ya nuna kansa.

Maganar tafiya ce ya fi jayayya a kai. Ya ce bai taɓa ganin inda aka gyara ƙuntataccen layi da matsa masa ba. Ta tambaye shi, in layi ya toshe a cikin bango kuma ba a son fasawa, yaya yake yi? Ya ce sai ya ja sabo ta gefe ya kewaye wurin. Ta ce to ƙafa ma tana yin irin haka da kanta, ƙananan hanyoyin gefe suna ƙara buɗewa, naman ma yana koyon aiki da jinin da ya samu, amma sai in ana tafiya har ta fara ciwo, a huta, a sake tashi. Baba ya dube ta ya dubi ƙafar, kamar yau ya fara ganinta. Ya ce shekara arba'in yana aiki, bai taɓa haɗuwa da bututun da ke ja wa kansa layi ba.

A ranar na mayar wa Mama da kwalinta. Mai ya dawo gida, amma da cokali ake auna shi, kuma Baba ne mai awon, don ba ya iya barin abu ba doka. Wanda aka soya sau ɗaya ba a maimaita shi. Kitsen nama ana yanke shi a zubar, a shara, ba a magudana ba. Kifi sau biyu a sati. Gyaɗa ta koma aljihunta, cikin tafin hannu ɗaya a rana. Gwangwanin kuma ya koma na washa.

Kowace safiya yakan fita, yana ƙirga turakun lantarkin bakin titi. Da farko a na huɗu yake tsayawa, ya dafa shi yana cije baki. Bayan wata biyu ya kai na tara. Wani satin ya koma baya, ya dawo gida yana ta faɗa da kowa, Mama ta ce in rabu da shi. Ba zan ce ƙafar ta koma sabuwa ba. Ƙuncin yana nan, magungunan nan biyu kuma an ce shi da su har abada. Amma bayan wata bakwai aka kira shi duba tanki a kan wani bene mai hawa uku, ya hau, sau ɗaya ya huta, ya sauko ya ba mu labarin sau biyar.

Ranar hutun da ta biyo baya na je gidan da hantsi, na tarar da akwatin aikinsa a buɗe a ƙofar banɗaki. Ya riga ya rufe ruwan gidan. Ya so ya cire ƙarfen dafawar, Mama ta hana, ta ce ta saba rataya tawul a kai, kuma tun da an ce don gwiwarta aka saka, to nata ne. Ya bar mata. Kan famfon ƙasan nan kuwa ya durƙusa a gabansa, a kan ƙafar hagun, ya sa sifana ya kwance shi. Ya naɗa farin zare a bakin toshi, ya murɗa shi a ramin har ya kama. Ya ce in je in buɗe ruwa.

Da na dawo yana nan a durƙushe. Ya shafa wurin da bayan hannunsa, ya ɗaga a hasken taga ya duba, ya juya hannun ya sake dubawa.

"Ba yoyo," ya ce.

Ya miƙo mini kan famfon ya ce in kai gidana in ina da inda zan saka, shi ba shi da amfaninsa. Sannan ya miƙe tsaye, bai dafa komai ba.